Wai Matasa Sun Kashe Hausa? To A Nuna Mana Gawar

Ranar Asabar da ta wuce muna zaune a ƙofar gidan Baffana bayan ɗaurin aure, an baza tabarmi ana jiran abinci. Wani jikansa, ɗan aji biyar a sakandare, yana gefe yana ba abokinsa labarin wani ɗan unguwarsu da aka kama da wayar sata. Sai muka ji ya ce, “Ai gayen ya ci taliyar ƙarshe.”

Baffa tsohon hedimasta ne, alli ya ci masa yatsu. Ya ajiye carbi ya ce, “Kai, zo nan. Wace taliya? Wa ya dafa ta?”

Yaro ya durƙusa yana danne dariya. Baffa ya juyo kanmu ya buɗe huɗuba. Yaran yanzu sun kashe Hausa. Ba sa jin karin magana, ba su san sunan kayan saƙa ba, bakinsu cike da shirme. Kowa ya yi tsit, don ba a katse Baffa. Da ya gaji sai ya dubi yaron nan ya ce, “Tashi ka je bakin titi ka tsayar min da ɗan sahu. Ka gaya masa ba ni da canji, tiransifa zan yi masa.”

Na ƙirga. A numfashi ɗaya Baffa ya faɗi ɗan sahu, ya faɗi canji, ya faɗi tiransifa. Da mahaifinsa zai tashi daga kabari ya ji wannan magana, shi ma cewa zai yi, “Kai, zo nan. Wane sahu? Wa ya tayar da salla?”

Ban ce uffan ba a wurin, don ina son kunnena. Amma abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na zo nan.

Ra’ayina shi ne: kalmomin nan da matasa da ’yan kasuwa da ’yan tasha suke ƙerawa ba su ne ciwon Hausa ba, su ne alamar tana numfashi. Kuma fassarar barkwanci da ake yi musu a majalisa da teburin mai shayi ta fi kama gaskiyar ma’anarsu a kan wadda za a rubuta da fuska a murtuke. Abin da ya kamace mu shi ne mu daina tsaki, mu ɗauki biro mu rubuta su tun ba su ɓace ba.

Bari in fara da ɗan sahun Baffa

“A daidaita sahu” maganar liman ce kafin kabbara. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta hau mulkin Kano a 2003, ta ɗauki maganar ta raɗa wa shirinta na gyaran tarbiyya. Aka kawo babura masu ƙafa uku domin mata su huta da hawa acaɓa, jama’a suka ga sunan shirin a jikinsu, shi ke nan suna ya bi babur. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, sai garin ya zama nasu. Yau shirin ya tafi, gwamnatin ta tafi, sunan yana nan, har ya tsallaka Maraɗi da Damagaram.

To yanzu a tambayi mai ƙamus ma’anar adaidaita sahu. Zai ce babur ne mai ƙafa uku na haya. Gaskiya ne, amma bai faɗi komai ba. A tambayi direban da ya taɓa bin titin Kantin Kwari da yamma. Zai ce: adaidaita sahu shi ne abin hawa ɗaya tilo da bai taɓa tsayawa a sahu ba tun da aka halicce shi.

Wace fassara ce za ta amfani jikanka nan da shekara hamsin, in yana son ya san yadda Kano take a zamaninmu?

Ga wasu da na tattara a ’yar takardata, yadda na ji su ko yadda na fahimce su.

Filashin. Gaisuwar talaka. Ma’anarsa, ina son magana da kai amma da kuɗinka. In aka yi sau ɗaya, tunawa ce. Sau uku a jere, bashi ake nema.

Raka-ni-kashi. ’Yar ƙaramar waya mai tocila, wadda caji ɗaya ke kai ta kwana huɗu. Da can abin kunya ce, mai ita yakan juya baya kafin ya amsa kira. Da ƙwacen waya ya yi ƙamari sai ta sami daraja. Yanzu za ka ga babban mutum da babbar waya a can cikin aljihun ’yar shara, raka-ni-kashi kuma a hannu, ita ce ta miƙa wa ɓarawo.

Ɗaukar wanka. Ba ruwansa da ruwa ko sabulu. Mutum na iya ɗaukar wanka bai yi wanka ba. Shadda ce mai maiƙo, da hula zanna, da takalmi, da agogon da ba lallai yana tafiya ba. Sau da yawa biyu daga cikin huɗun na aro ne.

Za ka ji alat. Ba za ka ji ba.

Ba sabis. Wannan tun zamanin canjin kuɗi na farkon 2023 ta zama garkuwar mai bashi. A lokacin da gaske ne, mutane sun kwana a layin banki, mai shayi da mai kayan miya duk sun koyi karɓar tiransifa dole. Kuɗi sun dawo hannu, amma uzurin ya ƙi tafiya.

Wuf. Tsohuwar kalma ce, yadda shaho yake yi wa ɗan tsako. Samari da ’yan matan Facebook suka mayar da ita aure cikin hanzari: “Zan yi wuf da ke.” A aikace, wuf na nufin shekara uku ana zance, ana jiran kuɗin lefe.

Ta fashe. Wannan ta ’yan mainin ce, masu neman kuɗin kirifto a waya. A 2024 babu layin da za ka shiga ba ka ga yaro ya duƙufa yana dangwalar fuskar waya ba, har da magidanta da matan aure, ana jiran ranar da za ta fashe kowa ya sayi mota. Da manhajar mainin ta Hamster Kombat ta zo biya a watan Satumba, da yawa abin da suka samu bai mayar musu da kuɗin data ba. Don haka “ta fashe” na da ma’ana biyu, kuma ba ka sanin wacce ake nufi sai ka kalli fuskar mai maganar.

Ku dubi waɗannan da kyau. A cikin kowace akwai tarihi. Akwai shigowar wayar salula a 2001, akwai matsalar tsaro, akwai tsadar aure, akwai zaman kashe wando da ya sa saurayi mai digiri yake dangwalar waya dare da rana. Wanda ya yi dariya ya wuce ya yi asarar rabin abin.

“Ai ba Hausa ba ce, shirme ne”

Wannan ita ce hujjar Baffa, kuma ita ce aka fi yi. Amsata ita ce a dubi ƙirar kalmomin.

Bahaushe tun fil azal yana da wata dabara: ya ɗauki jimla sukutum ya mayar da ita suna. Kwanon tangaran ya ce masa faɗi-ka-mutu. Hula ya ce mata tashi-ka-fiye-naci. Ɗaurin ɗankwali ya ce ture-ka-ga-tsiya. Ƙaramar motar ɗaukar kaya ya ce a-kori-kura. Malalaci ya ce ci-ma-zaune. Wasiƙar gaggawa ya ce kar-ta-kwana. Babu wanda ya taɓa cewa waɗannan shirme ne. Ana koyar da su a aji, ana kawo su a jarrabawa.

To da me raka-ni-kashi ta bambanta da faɗi-ka-mutu? Maƙera ɗaya ce, uwar maƙera ɗaya, masaba ɗaya. Bambancin kawai shi ne wanda ya ƙera faɗi-ka-mutu ya rasu, ba mu san shi ba, sai muka kira aikinsa hikimar magabata. Wanda ya ƙera raka-ni-kashi kuwa yana nan a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano yana gyaran waya, wandonsa a tsuke, sai muka kira nasa aikin iskanci.

Ina da yaƙinin ranar da aka fara cewa ture-ka-ga-tsiya akwai wani dattijo da ya yi salati ya ce zamani ya lalace.

“To aron Turancin fa?”

Nan ma sai an bi a hankali, don akwai aro akwai bara.

Canji daga Turanci ta zo, amma Bahaushe bai bar ta yadda ya same ta ba. Ya fitar da aikatau daga cikinta, ya ce canza: na canza, an canza, ya canzu. Haka ya yi wa caji, ya ce caza, har ya kai ta inda masu ita ba su taɓa kai ta ba: “Yaron nan ya caza min kai.” Fenti ya ba mu fente. Kwana ta titi ta ba mu “ya sha kwana”, ga wanda ya sauya magana da ya ga ba ci. Birki ya ba mu “ya ci birki”. Gaye ya yi jam’i ya zama gayu, ya haifi ɗan gayu da ’yar gayu. Banga da muke cewa ’yan banga, daga bakin ’yan siyasar jamhuriya ta farko ta faɗo, asalinta kalmar Turanci ce ta matasan da ke gaban jam’iyya.

Kalmar da ta karɓi jinsi, ta yi jam’i irin namu, ta shiga karin magana, wannan ta zama ’yar gida. An yi mata kaciya an raɗa mata suna. Asibiti da likita da makaniki da bokiti duk ta wannan ƙofa suka shigo. ’Yan’uwanmu na Nijar ta ƙofar Faransanci suka shigo da nasu, suna cewa lakwal suna cewa mushe suna cewa jandarma, kuma ba wanda zai ce Hausar Damagaram ba Hausa ba ce, sai mai neman rigima.

Inda na yarda da Baffa ɗari bisa ɗari shi ne Ingausa. Ka kunna rediyo ka ji an gayyato wani masani, a tambaye shi da Hausa, ya ce, “Akcuwali, abin da muke tirayin mu yi shi ne mu yi adiresin ɗin ishus ɗin.” Wannan bai ƙera komai ba. Lalaci ne kawai, ko nuna isa. Tsohuwar da ke sauraro a ƙauye ba ta ƙaru da ko ƙwayar zarra ba.

Amma ku lura da masu yin wannan. Ba yaran bakin titi ba ne. Mu ne, masu kwalin digiri. Yaron da ya ce taliyar ƙarshe kalma biyu ya haɗa, ya sa su cikin ginin Hausa tsantsa, ya fitar da hoto: mutum zaune gaban kwano bai san daga wannan ba zai ƙara ba. Wannan aikin mai jin harshe ne. Idan ana neman wanda ya sa wa Hausa wuƙa, a fara dubawa ofis kafin a zo tasha.

Kalmar kwamiti da kalmar titi

Kar a ce na raina masu ƙirƙira da gangan. Gidajen rediyo sun yi wa Hausa aikin da ba a biya su ba. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, ga Muryar Amurka, ga na Jamus, ga Rediyon Kaduna, kullum sai labari ya zo musu da abin da ba shi da suna, kuma dole su faɗe shi kafin ƙarfe ya buga. A irin wannan matsi aka sami tauraron ɗan Adam, da yanar gizo, da jirgi maras matuƙi, da sauya sheƙa. Wanda ya fara kwatanta ɗan siyasa da tsuntsun da ya bar sheƙarsa ya koma wata, Allah ya saka masa.

Sai dai hukuncin ƙarshe ba a ɗakin watsa labarai ake yanke shi ba. An ce na’ura mai ƙwaƙwalwa, jama’a suka ce kwamfuta. An ce wayar tafi-da-gidanka, jama’a suka ga tsawon ya yi yawa suka ce waya, suka bar wa tsohuwar ta kan tebur neman wani sunan. Manhaja kuwa, wadda da can ta tsarin karatun makaranta ce, an ɗora mata sabon kaya ta ɗauka ba gardama. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ana ta gwadawa. Ni dai ban ga alamar mai shayi zai iya furta ta kafin ruwa ya tafasa ba, amma mu zuba ido.

Wadda ta fi burge ni ita ce takunkumi. Asalinsa abin da ake ɗaura wa dabba a baki ne don kar ta yi cizo ko ta ci amfanin gona. ’Yan jarida suka ara suka ba hukuncin da manyan ƙasashe ke ƙaƙaba wa wata ƙasa. Da korona ta zo a 2020 aka ce kowa ya rufe hanci da baki, sai kalmar ta koma gidanta na asali, illa dai wannan karon mu ne jakunan. Babu kwamitin da zai iya shirya wannan.

Siyasa, babbar maƙera

In kana son ganin inda ake ƙera kalma da zafinta, je ka wajen ’yan siyasa.

Lokacin da PRP ta dare biyu a jamhuriya ta biyu, ba a tsaya dogon Turanci ba. Aka ce ’yan santsi, ɓangaren su Abubakar Rimi, da ’yan taɓo, waɗanda suka tsaya tare da Malam Aminu Kano. Kalma biyu, kowace da zambonta a ciki.

Tazarce ta yi tashe a 1998, lokacin da ake kiran Janar Sani Abacha ya zarce. Bai zarce ba, Allah ya karɓi ransa a watan Yunin shekarar. Kalmar ita ta zarce. Ta zama sunan riga, tela ya san ta. Ta ƙetara iyaka, a 2009 magoya bayan Shugaba Tandja Mamadou suka ɗauke ta a Nijar, aka yi ƙuri’ar raba gardama, a watan Fabrairun 2010 sojoji suka kawo ƙarshen zancen. In da ni ne mai ƙamus, ga abin da zan rubuta: tazarce, riga ce da take yi wa kowa kyau a ranar ɗinki, ba a cika ganin wanda ya tsufa da ita ba.

Sak ta yi tashe a guguwar 2015, ma’ana daga sama har ƙasa jam’iyya ɗaya, ko da an tsayar da turmi. Masu adawa da ita suka fito da cancanta. Ga kuma ɗafa “iyya” a bayan sunan ubangida, irin ta Ƙadiriyya da Tijjaniyya, aka sami Kwankwasiyya da Gandujiyya da Buhariyya.

Sai sojan baka: mayaƙin da bindigarsa harshe ce, filin dagarsa rediyo da daddare, harsashinsa kuma ubangida ke saya minti-minti. Ba ya mutuwa a yaƙi, sai dai ya sauya sheƙa, gobe ka ji shi yana harbin ramin da ya fito. Ƙaninsa shi ne ɗan jagaliya, wanda shi ba ya jiran a ba shi makirfo. Kakansu kuma ɗan amshin Shata, wanda ya fi su daɗewa, ya fi su samun kujera a majalisa.

Wanda zai rubuta tarihin siyasar Arewa bai san waɗannan kalmomi ba, sunayen zaɓaɓɓu kawai zai jera.

Hujjar da ta fi nauyi

Akwai wata magana da wata yayata ta yi min, kuma ita ce ta fi tsaya min. Ta ce, “Kai kana ganin abin dariya ne. Ni uwa ce. Rabin yaren nan don a ɓoye mana abu ake yin sa.”

Ba ta yi ƙarya ba. Masu shaye-shaye suna da nasu. Da aka hana maganin tari mai kodin a 2018 ba a hana sunayen da ake kiran sa da su ba, kuma kafin nan da bayan nan akwai roci, akwai sholisho, akwai wasu da ake canzawa duk lokacin da manya suka gano. Yaro zai iya yin cinikin ƙwaya a waya a gaban mahaifiyarsa tana tankaɗe, ba ta san me ake ciki ba. ’Yan daba ma haka. Kuma akwai kalmomin da ake yi wa mata laƙabi da su waɗanda ba zan rubuta su a nan ba, don ba barkwanci ba ne, cin mutunci ne.

Sai dai ina ganin wannan hujja tawa ce, ba ta masu tsaki ba. Ɓoye magana ba yau aka fara ba. Iyayenmu mata sun yi zaurance a gaban nasu iyayen. Mahauta suna da yarensu, dillalan shanu suna ciniki a cikin hannun riga. Abin da ke kare uwa shi ne ta san kalmar, ba ta toshe kunne ba. In an ce wa yaro “kar in ƙara jin wannan shirmen a gidan nan”, ba daina faɗa zai yi ba, daina faɗa a gabanka zai yi. Malamin makaranta da limamin unguwa da ɗan Hisba duk sun fi kowa bukatar wannan ƙamus da nake magana.

“Ai gobe za su mutu”

Wasu za su mutu, ƙwarai. Yawancinsu ma. Sara ce, kamar ɗinki, ta wannan sallar ba ta kai ta baɗi.

Amma ba ka sanin wadda za ta rayu. Naira ta zo a 1973, ta kori fam da sule da sisi da taro. Yau yaron da bai taɓa ganin sisi da idonsa ba yana cewa ba ni da ko sisi. Jaka tana nan a bakin ’yan kasuwa, naira ɗari biyu, tun lokacin da fam ɗari ke cika jaka guda, a Nijar kuma jika sefa dubu ce. Murtala ta naira ashirin da wazobiya ta naira hamsin suna ta ja da baya, don kuɗin da kansu sun daina sayen komai. NEPA an canza mata suna tun 2005, an sayar da rassanta a 2013, amma har gobe in wuta ta zo yara NEPA suke yi wa ihu.

Kuma waɗanda suka mutu ɗin, ai su ne abin tausayi. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, kuma saboda ya rubuta abin da ya ji a bakin mutane, yau muna iya buɗawa mu ga kalmomin da ko kakanninmu sun manta. Jami’ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Aiki ne babba, amma a 2006 ba Facebook a hannun kowa, ba TikTok, ba POS a kowace kwana. Duk abin da aka ƙera daga lokacin zuwa yau yana yawo ne a iska.

Na san ɗalibai a sassan Hausa na jami’o’inmu suna rubuta kundaye a kan Hausar ’yan acaɓa da ta ’yan kasuwa da ta ’yan siyasa. Ina kundayen? Suna kan kanta, ƙura da gara suna nazarinsu.

Su kuwa masu ƙamusun Oxford ba sa jin kunyar wannan aiki. A Janairun 2020 suka shigar da okada da danfo da Kannywood. Bayan ’yan shekaru suka ƙara da japa da suya. Wato kalmar da aka ƙera a Kano ta sami gurbi a Ingila, mu nan muna gardamar ko ta isa a rubuta ta. Japa ma, wato ficewa ƙasar waje neman arziki, in ban da abinmu, ai mun riga su: ci-rani muke ce mata tun kafin a yi fasfo, illa dai namu ɗan ci-ranin yana dawowa in damina ta faɗi.

Abin da nake so ba mai tsada ba ne. Duk ranar 26 ga Agusta ana bikin Ranar Hausa, ana sa babbar riga, ana jera karin magana a intanet, yawanci guda ashirin ɗin nan da kowa ya sani. Me zai hana a ware wani ɓangare na ranar a tattara kalmomin da suka fito a shekarar? A rubuta kalma, da garin da aka ji ta, da shekarar, da jimla guda yadda aka faɗe ta. A sa ma’ana ta hankali, a ƙasanta kuma a sa ta majalisa, don ta biyun ce ke nuna ko yabo ne ko zambo. Kuma kar a bar wa Kano ita kaɗai, don mu Kanawa muna da halin ɗauka cewa in ba a faɗa a Kano ba to ba a faɗa ba. Sakkwato na da nata, Jos na da nata, Zangon Kumasi na da nasa, samarin fada, wato majalisar hira, a Yamai da Damagaram suna da nasu da ba mu taɓa ji ba.

Ni dai na fara da ’yar takardata. Jikan Baffa ne babban malamina, ina biyan sa da data.

Shekaranjiya da daddare raka-ni-kashina ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Na duba, Baffa ne. Filashin. Na kira shi na gaishe shi, ya ce ya ji labarin ina rubuta shirmen yara a takarda.

Na ce, “Haka ne, Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya.”

Ya ce to in rubuta ɗan kwalisa, haka suke ce wa mai ɗaukar wanka a zamaninsu, kuma shi ma an kira shi da sunan, lokacin yana da keke Rale sabo fil. Na ce na rubuta. Ya yi shiru kaɗan, na ɗauka sabis ne ya ɗauke.

Sai ya ce, “Wai ni kam, taliyar nan ta ƙarshe, da miya ake cin ta ko da mai da yaji?”